Ƙahon Gada a Gindin Bindigar Nomau

Duk wanda ya ba da labarin hannun mijina Nomau a garin nan ya ba da shi ba daidai ba. 'Yan unguwarmu, Sabon Gari, cewa suke yi na saya masa bindigar Nasara marar nauyi ta yi masa shuri ta karya shi, wai da ma irinsu ba su da amana. Danginsa na Tibiri cewa suke yi hannun mace ya taɓa bindigar, shi ya sa daji ya ƙi ta. Sai kuma samarin da ke zama bakin shagonmu suna latsa waya, waɗanda ke ganin ƙotar bindiga ba ta wuce ƙotar hauya ba, a sassaƙa a shafa mai. Babu ɗayansu da ya san abin da yake faɗa. Ni na zaɓi bindigar, ni na sassaƙa mata ƙota, kuma da an bar ta yadda ta fita daga hannuna, da yau Nomau yana kai loma bakinsa da hannun dama. Zan faɗi yadda aka yi sau ɗaya, don na gaji da maimaitawa a gidajen biki.

Sunana Zulai. Mahaifina, Malam Isuhu, mai gyaran bindigogin farauta ne. Ba ma ƙera bindiga, kada wani ya ja mana jandarmomi. Gyara muke yi, kuma mafi yawan gyaran na ƙota ne, wato itacen da ƙarfen bindiga ke kwance a cikinsa, wanda mai harbi ke dafawa a kafaɗa. Yayyena maza babu wanda ya tsaya. Ɗaya ya tafi arewa haƙar zinariya, ɗaya yana sayar da kayan moto, wato babur. Ni na ci jarrabawar brebe ta gama kolej, wato ƙaramar sakandare, na shiga lise, babbar sakandare, ban cika shekara ba yanar ido ta fara rufe wa Baba gani. Ƙarfe yana iya gyara shi da lalube, amma itace sai da ido. Na ajiye jaka na shiga shago.

Aikin farko da ya ba ni shi ne kankare ƙota da fasasshiyar kwalba. Ta bindigar wani mai gadin gonakin alkama ce a Jiratawa, da ita yake korar tsuntsu. Baba ya gama da gizago da magagari, saura laushi. Ya fasa kwalbar lemo, ya laluba ya zaɓi ɓallin da bakinsa ya miƙe, ya nuna mini sau ɗaya: a kwantar da shi, a ja ta inda jijiyar itace ta nufa, kada a tura. Na tura. Kwalba ta yanke ni, jini ya shiga itacen. Baba bai taɓa yatsan ba, ƙotar ya kai kusa da idonsa.

"Inna," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana, "yatsan naki ne, ki san yadda za ki yi da shi. Wagga kuwa ta mutane ce. Sake kankarewa."

A bayan zana nake aiki. Mafarauta, musamman na ƙauyukan bayan Tibiri, ba sa yarda mace ta taɓa musu bindiga, sun ce maganin da ke jikinta karyewa yake yi. Don haka Baba ya raba shagon biyu. Shi yana gaba da baƙi, ni ina baya da gizago. In mutum ya zo, Baba zai sa shi ya lanƙwasa hannu, ya ɗora karan gero daga cikin gwiwar hannun zuwa gaɓar yatsan da ke jan kunama, ya karya karan daidai nan, ya tura mini ta ƙarƙashin zana kamar mai ture shara. Amma kara tsawon hannu kaɗai yake faɗa. Ba ya faɗin mai dogon wuya, ba ya faɗin mai zubabbiyar kafaɗa, ko mai kumatu da za su ɗaga masa ido sama da inda ya kamata. Waɗannan ta wata ɓula a jikin zanar nake ganinsu. Mazan da ba su taɓa ganin fuskata ba, na san kafaɗunsu fiye da telolinsu. In sun ji ƙarar gizago a baya, Baba ya ce musu wani ɗan ƙanensa ne, kurma, ba ya son mutane.

Wani Alhaji mai sayar da atamfa a babbar kasuwa ya taɓa kawo bindigarsa, ya ce ta yi masa nauyi.

"Malam Isuhu, a rage mata ƙiba. Ni ba jaki ba ne."

"Alhaji, nauyin nan shi ke ceton ka."

"Ka rage dai."

Muka rage. Na rarake cikin ƙotar, na sirantar da ita, ta fito kamar sandar ango. Ya ɗaga ta da hannu ɗaya yana murna. Bayan ya je daji ya dawo, ya shigo shago ba sallama, ya zame babbar riga ya nuna wa Baba kafaɗa. Baba ba ya gani, ni na gani ta ɓula. Kamar an zuba masa shuni.

Ga abin da samarin bakin shago ba su sani ba. Duk bindiga in ta tashi, yadda take tura harsashi gaba haka take tura kanta baya. Shuri muke ce masa. Mai nauyi tana shanye shurin, abin da ke isowa kafaɗarka turi ne kawai. Marar nauyi ba ta da inda za ta ajiye shi, sai ta miƙa maka shi dukansa. An koya mana wani abu mai kama da wannan a kolej, da alli, ban gane ba sai ranar da na ga kafaɗar Alhaji.

Lokacin da na shiga sana'ar ta riga ta fara mutuwa. Dajin da Baba ke ba da labari an nome shi. Wanda ya rage wajen iyaka, shigarsa sai mai ƙarar kwana, saboda masu satar shanu da mutane. Duk wanda aka gani da bindiga a hanya sai ya yi bayani, mu ma ba ma karɓar wadda ba ta da permi, wato takardar izinin hukuma. Wani watan ƙota ɗaya ce ke shigowa. Akwai shekarar da na koma sassaƙa muciya da ludayi ina ba yara suna kai kasuwa.

Nomau ya fara zuwa shagon ne da bindigar kakansa, ƙotar ta tsage a wuya. Doguwa ce, irin ta gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, nauyinta kamar taɓarya biyu, an naɗe ta da layu tun daga tsakiya har ƙasa. A gindinta, daidai fuskar da ke zama a kafaɗa, akwai ɗan ƙahon gada cike da magani, an ɗinke shi da jar fata an kafe da ƙusa. Baba yana gwada masa kara, shi kuwa idonsa na ƙasan zana, inda ƙafafuna suka leƙo.

"Malam," ya ce, "ashe kurman naka ƙunshi shike yi?"

Baba ya daskare da kara a hannu. Nomau ya yi dariya har da dafa bango, ya bar bindigar ya tafi, bai faɗa wa kowa ba. Bayan kaka aka ɗaura mana aure. Muka zauna a Maradi. Yana noman zogale a Jiratawa, in rani ya yi ya bi ubansa farauta. Danginsa sun ɗauka kullum ina zuwa gidanmu ne taya mahaifiyata aikin ƙuli-ƙuli.

Ubansa, Baba Barmo, shi ne sarkin baka na ƙauyensu, shugaban mafarauta ke nan. Yana kan addinin iyayensa. Nomau yana salla, amma abin da uban ya ce a kan daji bai taɓa musa shi ba.

Bara waccan Nomau ya ɗauko buhunan zogale a moto daga Jiratawa, yashi ya kwashe shi. Ƙashin da ya taso daga wuya zuwa kafaɗar dama ya karye. Aka kai shi wurin maɗori a Tibiri, ya warke da ƙulli kamar goro a ƙarƙashin fata. Da ciwo ya ƙi tafiya na ja shi asibiti aka ɗauki hoton ƙashin. Likita bai yi mana kwana-kwana ba. Ya ce bai haɗe sosai ba, kada ya rataya nauyi a kai, kada kuma wani abu ya buge shi. In ya sake karyewa, jijiyar da ke bi ta ƙarƙashi ita ce abin tsoro, hannun zai iya mutuwa.

Na ce da Nomau farauta ta ƙare. Ya ce to. Sai da gero ya shiga rumbu ya sake tayar da maganar. Kowace shekara bayan girbi ana buɗin daji, fitar farko da dattawa ke yi kafin kowa ya shiga farauta, kuma gidan sarkin baka ke yin harbin farko. Baba Barmo ƙafa ta ƙi, ya sanar cewa bana ɗansa zai tsaya a madadinsa. In Nomau bai fita ba, sarautar ta koma gidan baffansa, ba kuma za ta dawo ba.

"Ta koma mana," na ce. "Ana cin ta ne?"

"Ke ba ki ganewa."

"Na gane hoton ƙashi."

"Zan hita, Zulai. In babu wata, da ta kaka zan hita."

Ta kaka, in ya rataya ta daga hantsi zuwa azahar, nauyinta kaɗai ya isa ya raba ƙashin. To ga aikin da ya faɗo mini: in samo bindigar da ba ta da nauyi kuma ba ta shuri. Babu irinta a duniya. Abin da ake iya yi shi ne a sami marar nauyin da shurinta bai yi yawa ba, sannan a yi mata ƙotar da za ta kai shurin inda jiki zai iya ɗauka.

Ta farko da muka gani wani matashin ɗan kasuwa ne ya nuna mana, a bayan shagonsa. Ƙotar roba gare ta, baƙa, tana sheƙi, ka ce abin wasan yara don rashin nauyi. Nomau ya ɗaga ta da yatsu, fuskarsa ta washe. Na ce a nuna mini kartush ɗinta, wato harsashin da take ci. Ya fi babban yatsana tsawo.

"Madam, wannan ko ke kina iya yawo da ita," in ji mai ita.

"Ka taɓa harba ta?"

"Sabuwa ce ai."

"In ka harba ka zo ka nuna mini kafaɗarka."

Nomau bai yi mini magana ba har muka isa gida. Na bar shi da fushinsa.

Wadda na zaɓa a unguwar Zariya na same ta, wurin wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gandun daji, Malam Abdu. Irin da ake kira karabin ce, mai sakata, gajera. Sakatar wani ɗan ƙarfe ne mai kai kamar ƙwallo a gefen dama, ka ɗaga ka ja baya tsohon kwanso ya fita, ka tura ka danne sabon kartush ya shiga, kamar sakatar ƙofa. Ina son irinsu don kayan cikinsu kaɗan ne, yashi ba ya hana su aiki, kuma harbi ɗaya-ɗaya suke yi, mutum ba ya ɓarin wuta a kafaɗarsa. Malam Abdu ya ga ina kallonta hannuna a baya, kamar yadda na saba a gaban maza.

"Ɗiyata, ɗauki mana. Ba ta cizo."

Na ɗauka. Na zare sakatar na leƙa cikin bututun ta wajen haske, babu tsatsa, zanen ciki bai shafe ba. Na maida na ja ta sau da yawa, ba ta girgiza. Na ɗora bindigar a kan yatsu biyu don in ga inda nauyinta ya tsaya, ya tsaya daidai tsakanin hannuwa. Kartush ɗinta matsakaici ne, zai kayar da gada ko gadu in an kusa. Ƙotar ce ba ta yi ba, siririya, gindinta kamar bakin gatari, an yi ta don wani dogon Bature. Wannan kuwa aikina ne. Na sayar da awakina da keken ɗinkin da aka kai ni da shi ɗaki. Muka sha zirga-zirgar ofis-ofis har permi ya fito da sunan Nomau.

Kafin in taɓa itace sai da na harba ta da kaina. Muka je wani kwari bayan Jiratawa mai doguwar gaɓa, ni da Baba da Nomau. Na dafa ta yadda take, na ja kunama. Haƙorana suka haɗu. Nomau ya miƙo hannu zai karɓa, na hana shi.

Wani guntun itacen maɗaci Baba ya ciro mini, wanda ya daɗe yana bushewa a saman rufi yana jiran aikin da ya cancanta. Na fitar da siffar da gizago, na bar gindin da faɗi kamar tafin hannu, don shurin ya bazu maimakon ya taru wuri ɗaya. Na karkatar da shi ƙasa da ciki, yadda zai sauka a kan tsokar ƙirji, nesa da ƙullin ƙashin. Wannan ba a yin sa da kara. Gawayi nake shafa wa gindin, Nomau ya sa farar riga, ya rufe ido ya ɗaga bindigar kamar ya ga nama, sannan ya sauke in duba inda baƙin ya fito. In ya matso kusa da ƙullin in koma da magagari. Mun ɓata rigar har ba ta wankuwa. Da baƙin ya riƙa sauka wuri ɗaya kowane ɗagawa, na yanka robar sababbin silifa na jera ta hawa-hawa, na lulluɓe da fatar tunkiya, na ɗinke a gindin ya zama matashi.

Muka koma kwarin. Nomau ya harba, ya tsaya, ya motsa kafaɗa, ya sake harbawa.

"Kamar yaro ya dafa ni," ya ce.

Baba ya karɓi bindigar ya shafa ta tun daga wuya har gindi, a hankali, ya miƙa mini. A wurinsa yabo ke nan. Ban taɓa yin ƙotar da ta kai wannan ba, kuma ban yi tsammanin zan sake ba.

Bindiga ba ta shiga buɗin daji sai an ɗaure ta, wato sarkin baka ya ɗora mata maganin gidan. Na san da haka, na ɗauka layu za a naɗa a tsakiya, har na bar musu wuri. Na bi Nomau Tibiri da sunan gaisuwa. Ina ɗakin surukata sai na hango Baba Barmo a gindin rumbu, bindigar kaka a gefe ɗaya an riga an cire mata ƙahon gadan, karabin a cinyarsa, ya sa wuƙa a ɗinkin matashin. Wasu dattawan mafarauta na zaune tare da shi. Na fita ko mayafi ban gyara ba, na durƙusa.

"Baba, don Allah kada a cire wannan."

Ya ɗago ya dube ni, ba da fushi ba.

"Mi ne ne shi, ɗiyata?"

"Roba ce da fata. Ita ke tare masa ƙashin."

"Robar mi?"

Na dubi Nomau. Yana kallon ƙasa.

"Ta takalmi. Sabo ne, ba a taɓa taka shi ba."

"Takalmi," ya ce, ya juya wurin dattawan. "Tsakanin ɗana da maganin kakanshi za a sa takalmi."

Na ce to a bar ni in kai wa Babana ya rarake cikin ƙotar, ƙahon ya zauna a ciki, matashin ya rufe. Ko a ɗaure shi a gefe. Ya girgiza kai. Ya ce amfanin ƙahon shi ne duk sanda bindiga ta tashi ya taɓa jikin mai harbi, don kada iskan dabbar da aka kashe ya biyo shi gida. In bai taɓa jiki ba kwalliya ce.

"Ubana ya harba da ƙahon ga. Ni na harba da shi har na tsufa. Ga kafaɗata, taɓa ki ji."

"Waccan nauyi gare ta, Baba, ita ke shanye shurin kafin ya iso ƙahon. Wannan ba ta shanyewa. Duk ƙarfin zai taru a tsinin ƙahon, kuma in an kafa shi a tsakiya daidai ƙullin zai sauka."

"Ke wa ya faɗa miki duk wannan?"

"Ni na sassaƙa ta."

Ya sauke bindigar daga cinyarsa ya ajiye a kan buzu. Ɗaya daga cikin dattawan ya ja da baya kamar an jefo maciji. Mutane suna cewa da na yi shiru da ba a kai nan ba. Wuƙar tana cikin ɗinkin tun kafin in buɗe baki.

Baba Barmo ya juyo gare ni. Sannan ya ce:

"Ɗiyata, ke ƙashi kike tsoro. Ni na ga wanda gadu ya bi har ɗaki bayan an cinye namanshi. Ƙanena ne. Munka yi ta magani, ya bushe kamar kara muna kallo. Ƙashi ana ɗora shi."

Ya sa aka wanke bindigar da jiƙo aka turara ta. Duk abin da za a iya ɓamɓarewa na hannuna aka ɓamɓare. Aka kafa ƙahon a tsakiyar gindin da ƙusa biyu.

A hanyar komawa ina bayan moto ina faɗa, iska na kwashe rabin maganar. Da muka tsaya Nomau ya ce:

"Harbi ɗaya ne. In na yi shi a gabansu shi ke nan, in kawo miki ki maida kayanki."

"Likita bai ce sai an buge shi sau goma ba."

"Zan sassauta dafawa."

"In ka sassauta ta fi dukanka. Ka sani."

Ya sani.

Ban ga abin da ya faru a daji ba, ɗan baffansa da ya kawo shi asibiti ne ya ba ni labari. Karnuka sun tayar da gadu wajen hantsi. Aka buɗe wa Nomau fili. Ya ɗaga, ya harba, gadu ya faɗi bai ko shura ba. Ana ta ihu ana masa kirari, shi kuwa ya zauna a ƙasa, bindigar a kan ƙafafunsa. Sun ɗauka godiya yake yi. Sai da aka zo ɗaga shi aka ga hannun yana lilo.

Na ga wurin da aka yanke masa riga. Babu faffaɗan shuni irin na Alhaji. Tabo ɗaya ne ƙarami, kamar an danna babban yatsa, daidai kan ƙullin. Ƙashin ya rabu a inda ya rabu da farko, ya taɓa jijiyar. Yanzu yatsun suna motsi kaɗan, yana iya riƙe carbi. Hannun ba ya tashi sama da cibiya. Likita ya ce a jira a gani, amma na ga yadda ya faɗe ta.

Baba Barmo ya sa aka ɗauko shi a amalanke har bakin titi, ya shigo mota ya zo asibitin. Ya zauna a waje a ƙasa tun safe har la'asar. Bai zarge ni a fuskata ba. Ya ce daji ne ya ƙi, kuma da ba don ƙahon ba da abin ya fi haka. Ya yi imani da abin da ya faɗa. Ni ma na yi imani da nawa, kuma babu wanda zai taɓa juya wani a cikinmu.

Labarin kurman Malam Isuhu ya riga mu isa kasuwar Tibiri. Mafarauta suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna karɓar bindigoginsu, har waɗanda ba a gama ba. Wani tsoho da ya daɗe yana kawo mana aiki ya tsaya a ƙofa ya ƙi shigowa.

"Malam Isuhu, tun yaushe?"

"Tun wadda ka kashe barewa da ita ka hana mu sakat da labari."

Ya karɓi tasa da gefen riga ya tafi. Yanzu wurin wani mai sassaƙa ƙotar hauya suke kai wa. Na ga ɗaya daga cikin aikinsa, ya bi jijiyar itacen a karkace, za ta tsage a wuya kafin rani ya fita. Mun cire zanar, tunda babu sauran abin ɓoyewa. Baba yana zama a bakin ƙofa yana goge kayan aikin da ba a yi aiki da su ba.

Da abin ya tsaya nan da ban rubuta komai ba. Amma dattawan sun zauna sun ce tunda Nomau ya kayar da naman farko, sarautar tana gidansu, muddin ya fito buɗin daji mai zuwa. Ran juma'ar da ta wuce ina sa masa riga zai tafi masallaci, na ɗaga mataccen hannun ina cusa shi, sai ya ce:

"Zulai, ina da wata kafaɗar."

Na saki rigar.

Ya riga ya tsara komai. Zai dafa a hagu, ya ɗora bakin bindigar a kan gwafa tunda dama ba ta iya tallafewa. Harbi ɗaya ne, ba sai ya ja sakata ba. Abin da yake so in yi masa sabuwar ƙota ta bahago. Na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta su a nan ba. Ya bari na gama.

"In ba ki yi ba, mai ƙotar hauya zai yi."

"Ƙahon fa?"

"Kin san Baba."

Na sani. Za a kafa shi a tsakiya da ƙusa biyu, ko wa ya sassaƙa. In na ɓoye karabin ya ari wata. In na ƙi, ya tafi daji da aikin mutumin da bai san inda ƙashi yake ba. Da hannun hagun nan yake ci, da shi yake alwala, da shi yake tsinkar zogale.

Don haka zan yi masa ƙotar. Amma da ƙirya zan yi ta, itacen da ake turmi da taɓarya da shi, wanda in ka jefa a ruwa nutsewa yake yi. Ba zan rarake ko'ina ba, zan bar ta da kauri tun daga wuya har gindi, ta fi ta kaka nauyi. In ta tashi ita za ta shanye shurin, Baba Barmo ya kafa ƙahonsa inda ya ga dama. Na faɗa wa Nomau haka ƙiri-ƙiri, ba na yi masa dabara a ɓoye.

Ya ce, "In ban iya ɗaukarta ba hwa?"

"Sai ka zauna gida da hannu ɗaya mai aiki."

Na san tsawon tafiyar buɗin daji, na kuma san abin da mai hannu ɗaya zai iya ɗauka. Shi ma ya sani. Bai ce a'a ba.

Akwai wani mai sassaƙa turame a bayan Jiratawa da ke da busasshen kututturen ƙirya. Gobe da safe zan je in zaɓi gefen da ba shi da tsaga. Na ce Baba ya wasa mini gizago biyu, don ƙirya cin baki take yi.